Dattijon da Na Zaunar a Rumfar Baƙi

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Wata Laraba ce a ƙarshen damina, a shekarar da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, da ƙarfe tara saura kwata na safe. A bakin kogi, ƙarƙashin rumfar da muke kira rumfar baƙi, akwai ni, da wasu ɗalibai biyu da za su Kwatano, da wata 'yar kasuwa daga Najeriya. Sai kabu-kabu, wato mai babur na haya, ya sauke wani dattijo da ya fito daga tashar mota, yana riƙe da buta da ƙaramar jaka. Abin da na yi wa wannan dattijo shi ne dalilin wasiƙata. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Kafin in sauka bakin kogi, shekara shida na yi ina karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo: rasuwa, ɗaurin aure, ɓatan saniya. Can aka koya mini kada in haɗiye harafi, kada in yi sauri, kada muryata ta nuna abin da ke raina. Da aka rage ma'aikata na zauna ba aiki, daidai lokacin da duk mai son ƙetarewa ya koma ga kwalekwale. Wani mai jirage huɗu ya ɗauke ni. Ban iya tuƙi ba, ban ma iya iyo ba. Muryata ya saya. Ya ce mini in shi ya faɗa wa baƙo kuɗin jirgi, baƙon zai yi ciniki, amma in ni na faɗa, sai ya ji kamar doka ce ake karanta masa daga Yamai.

Tsarin ba shi da wuya. Ɗan gari ba ya tambayar kuɗin ƙetara. Yana zuwa ya miƙa wa matuƙi kuɗinsa a dunƙule, su gaisa da Dandanci ko da Hausarmu ta nan, ya shiga. Duk wanda ya buɗe baki ya ce nawa ne, ya riga ya gaya mana ko shi wane ne, kuma kuɗinsa ninki uku ne. Tun da daɗewa ake yi wa Turawa 'yan yawon buɗe ido haka, masu zuwa kallon kogi da masunta, kuma kowa yana cewa ai su masu kuɗi ne, ba su ji. Turawan sun daina zuwa, amma halin bai tafi da su ba. Sai muka waiwayo kan duk wanda ba a san ubansa a Gaya ba: ɗan Maraɗi, ɗan Damagaram, Bazabarmen Tilaberi, marar lafiya mai neman magani. Wannan ciniki yana da matsala guda. In ka zaunar da wanda ya biya ninki uku kusa da mace mai sayar da albasa, kafin a kai tsakiyar ruwa za ta gaya masa gaskiya. Shi ya sa aka ware wa baƙi rumfarsu nesa kaɗan, da jirginsu dabam mai sabon fenti, wanda ba ya tashi sai mutum goma sha biyu sun cika. Jiragen gari kuwa ba su minti goma sha biyar ba su tashi ba. Wato baƙo ya fi kowa biya, kuma ya fi kowa jira. Mu kuma muna kiran wannan wayo.

Dattijon ya yi mini sallama, ya tambaye ni nawa ne. Na faɗa masa da muryar sanarwa, ya biya ba ciniki. Sannan ya ce daga wani ƙauye na ƙasar Madawa yake, 'yarsa ce da ke aure a Malanbil ta rasu jiya da magariba wajen haihuwa. Mota uku ya sauya kafin ya iso. Surukansa sun yi masa alkawarin za su jira shi zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, ba za su iya wuce haka ba saboda zafi. Ya ce ba ya son kome sai ya tsaya a sahun da za a yi mata salla, ya sa hannunsa a ƙasar da za a rufe ta. Ya tambaye ni ko zai samu. Na duba agogo. Ƙetarewar ba ta kai rabin awa, kuma jirgin gari yana gabanmu ana loda masa buhunan albasa. Na ce masa da yardar Allah, Baba, ya zauna ya huta, yanzu za a tashi.

Da jirgi na biyu na gari ya tashi a gaban idonsa, ya kira ni, ya ce ɗana, waɗancan fa? Amsar tana bakina a shirye, domin kullum ita nake bayarwa. Na ce waɗancan na kaya ne da na mutanen da aka sani, in baƙo ya shiga, jandarman can hayin za su tsare shi su yi ta bincike har yamma, namu ne mai takarda. Ko kalma ɗaya babu gaskiya a ciki. Jiragen duka na mutum ɗaya ne, kuma wuri ɗaya suke sauke mutane. Ya gyaɗa kai, ya ce shi da jin yadda nake magana ya san ni mai ilimi ne, kamar waɗanda yake saurare a rediyo, Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

Kada mai karatu ya ɗauka ban motsa ba sam. Da ƙarfe goma saura na je wajen maigidana, yana kishingiɗe a kan buhu yana cin soyayyen kifi. Na gaya masa halin da ake ciki, na ce a bar tsohon ya bi jirgin gari. Ya yi dariya har da buga cinya, ya kira matuƙansa su zo su ji ɗan jarida ya fara wa'azi. Ya ce in na sa shi cikin matan gari masu bakin reza, su gaya masa kuɗin, ya sauka yana kururuwa, gobe wa zai ƙara zama a rumfa? Ya ce kowane baƙo da gawarsa yake zuwa, jiya ma wata ta ce uwarta ce, shekaranjiya wani ya ce kakansa. Ya ce wadda ta mutu ai ba sauri take yi ba. In tsohon yana da gaggawa, ya yi shatar jirgin duka, ya biya kuɗin kujerun da ba kowa. Sannan ya suɗe yatsunsa ya tambaye ni ko rediyon ta sake kirana ne, da nake wasa da abincina.

Na koma na gaya wa dattijon maganar shata, kamar wata alfarma nake kawo masa. Ya zazzage aljihunsa a kan tabarma. Abin da ya rage masa ko kujera biyu ba zai saya ba. 'Yar kasuwar nan ta ce za ta taimaka, ɗaliban ma suka laluba, duk da haka bai kai ba. Su ma ninki ukun muka karɓe musu. Ina tsaye ina kallonsu suna haɗa kuɗi don su saya masa abin da yake kwance a gabansa a kan kuɗin da ya riga ya biya har sau uku. Abin da ya rage mini kawai in kama hannunsa in yi taku ashirin da shi zuwa bakin ruwa. Ba wanda zai doke ni. Mafi muni a kore ni. Na auna wannan da wancan cikin natsuwa, na zaɓi aikina.

Wayarsa ta yi ƙara da ƙarfe goma, ya ce wa surukansa ga shi a bakin kogi, yana ma hango garinsu. Ta sake yi da goma da rabi, ya roƙe su don Allah su ƙara masa kaɗan. Da sha ɗaya da minti ashirin ta yi ta uku. Ya saurara, ya yi salati, ya ce Allah ya ba su lada, sun kyauta da suka jira. Ya mayar da wayar aljihu. Bai yi kuka ba, bai dube ni ba. Ya ɗauki butarsa ya gangara ya yi alwala, ya dawo ya zauna inda na ajiye shi. Jirgin baƙi ya cika da sha biyu da minti goma. Da zai shiga har ya yi mini godiya a kan ɗawainiya.

Bayan kwana uku ya dawo. Daga can hayin surukansa ne suka sa shi a jirgi, don haka a cikin 'yan gari ya zauna, kuma na san abin da ya ji a hanya. Na hango shi yana nufo rumfa, na shirya wa zagi, har ina fatan sa. Ya yi sallama, ya gaishe ni da aiki. Ya ce tambaya ɗaya ce da shi: jirgi nawa ne ya tashi tsakanin isowarsa da ƙarfe goma da rabi? Na ce bakwai. Ya ce shi ma bakwai ya ƙidaya, so yake ya tabbatar idonsa bai ruɗe shi ba. Bai nemi kuɗinsa ba. Bai ƙara kirana ɗansa ba. Ya tsayar da kabu-kabu ya tafi.

Na daɗe ina raina maigidan nan, kuma har yau ina raina shi, amma shi jahili ne mai cin kifi a kan buhu, bai taɓa cewa shi wani abu ba ne. Ni ne na yi makaranta. Ni ne na shekara shida ina karanta wa mutane sanarwar rasuwa da sa'ar jana'iza, na san abin da minti goma yake nufi ga mai gawa. Rainina ya fi ƙarfi a kan masu irin halina: masu tsabtar riga da tsabtar magana, da ake ajiyewa a gaba don ƙarya ta yi kyau. Ina kuma raina wannan uzuri da muke ba juna a kasuwa da tasha da bakin ruwa, wai ai baƙo ne. Mai faɗar haka bai san abin da ya fito da mutum daga gidansa ba, kuma ba ya so ya sani. Ga mai sana'a ina cewa, ranar da ka yi wa kayanka kuɗi biyu, sai ka yi ƙarya ta biyu don ka ɓoye ta farko, kuma ba kai kake zaɓar wanda za ta faɗa wa ba. Ga matafiyi kuma, in ka isa inda ba ka sani ba, ka tsaya ka ga abin da 'yan gari suke miƙawa da inda suke shiga, kuma ka fi jin tsoron wanda ya fi kowa iya magana.

Na bar bakin kogi a ƙarshen watan da abin ya faru, yanzu ina koyar da yara a wata makaranta mai zaman kanta. Ban san sunan dattijon ba, ban san ƙauyensu ba, don haka ban taɓa neman gafararsa ba. Mako bai zagayo ba aka sa wani a gurbina, wanda ya fi ni jin Faransanci.