'Ya'yan Kanya a Cikin Sarƙaƙiya

Shekarar da na ajiye koyarwa a Aliero na dawo gida, kawuna ya bar mini gonarsa ta bakin kurmi, wajen Fagada, don ciwon ƙafa ya hana shi tafiya mai nisa. A cikin kurmin akwai wata tsohuwar kanya. Da ruwa ya sauka, 'ya'yanta suka tsiro rututu a gindinta. Ina ta lissafin inuwar da za a samu nan gaba, amma kafin a yanke gero babu ko ɗaya. Uwar ta tare musu rana, tsutsa ta cinye ganye, sauran suka ruɓe a cikin laima.

Bayan girbi na ɗauki adda na shiga gyaran iyakar gona, inda sarƙaƙiya ta cunkushe. Ina cikin sara sai na tarar da ƙananan kanya har tara a ƙarƙashin ƙayar, kore shar, wasu sun kai gwiwa. Na share musu wuri tas don su sha iska, na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Kawu yana zaune a zaure yana tufka igiya na ba shi labari. Ya ajiye kabar ya dube ni.

"Duka kas sare ta?"

"Saura kaɗan, Kawu. Rana ce ta yi zafi."

"To bar wagga da tar rage. Tsuntsaye ka shan kanya su zo bisa ƙaya su kasayar da ƙwallon. In sun tsiro, ƙayar ka tsare su daga awaki, ta rage musu rana. Ni ban taɓa shuka ko guda ba."

Washegari na koma da sassafe, amma dabbobin da aka saki bayan girbi sun riga ni. Bakwai sun zama tsinke. Biyun da ke cikin ragowar sarƙaƙiyar ne kawai suka tsira. Na daɗe a tsugune, sannan na jawo ƙayar da na sare na mayar a kansu.

Gara ta ci ɗaya da bazara. Ɗayar yanzu ta fi ni tsawo, ko da yake ba ta fara 'ya'ya ba. Bara na goya Kawu a babur ya je ya gan ta. Ya kama jikinta ya girgiza, ya ce saiwarta ta kai ga ruwa, sannan ya tambaye ni ko na sa wa albasa taki.