Karyar da Iliyasu Ya Bayar

Iliyasu na Farin Dutse mafarauci ne, kuma duk Gwaram an san karnukansa. Maza kawai yake riƙewa. Karyar da ya gada wajen mahaifinsa ma tuni ya ba maƙwabcinsa Ikrima, don ya gaji da haihuwarta.

Bana masu bincike suka zo daga jami'a suna ɗibar yawun karnuka don gano asalinsu. Iliyasu ya jero nasa biyar, yana lissafa ubanninsu.

"Baba, ba uba muke bi ba," in ji shugabarsu. "Ƙwayar gadon da muke dubawa uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta. Ina iyayensu mata?"

Bai san inda suke ba. Na ƙauyuka ne da yake kai mazansa barbara, a ba shi kwikwiyo.

Suka wuce gidan Ikrima, wanda ko zomo bai taɓa kamawa ba. Iliyasu na bayan katanga, ransa na suya, yana jin ana rubuta jikokin karyar mahaifinsa da sunan Ikrima.

Washegari ya haɗiye girman kai, ya aika a sam masa kwikwiyo mace. Ikrima ya aiko masa da namiji.