Ta Wane Kai Take Farawa?

Tun shekaranjiya famfon garkarmu bai ɗago ruwa ba. Zogalena sai kwanciya yake yi, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Samarin da suka kawo sabuwar ordinata, wato kwamfutar da ke kunna famfon, sun kwafe tsarin tsohuwar suka zuba mata. Ita kuwa ta baya take fara karanta lamba, sai ta ga rijiya a bushe alhali cike take.

Abin ya tuno mini da marigayi Kawu, wanda ya haɗa tsarin. Ni ban yi nisa a lakwal ba, karatun boko kaɗan gare ni, waya kawai nake riƙe mishi. Duk na'urar da aka kawo, sai ya fara aika mata lamba ɗaya. Ya duƙa yana taunar goro, shagonshi na warin dalma, har ya ga inda ta ajiye ta, gaba ko baya.

Wata rana na ce, "Kawu, wanga bincike cin lokaci ne."

Ya ce, "Gaggawar mi kake, sarkin garaje? Tambaye ta tukuna ta wane kai take farawa."

Samarin nan sun cire binciken da Kawu ya sa cikin tsarin, wai yana rage gudu. To ga gudun nan, ƙasa har ta tsage.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu. Ya sa ruwan ya taso kafin zogalen ya mutu.