Ƙurar Dutse da Ƙirjin Inna

Wata Laraba ce a ƙarshen bazara, shekara ta biyu da masu yin titi suka kafa injin fasa dutse a bayan ƙauyenmu, kusa da Roni. Ina aji huɗu. Na dawo daga makaranta na tarar da Inna, mahaifiyata, a bakin murhu ta dafe ƙirji, ko talge ba ta iya yi ba. Tun da injin nan ya fara aiki take fama da tari. Lokacin ne ake ta cewa kuɗin mai sun shigo, ko'ina ana shimfiɗa kwalta, mu kuwa rabonmu farar ƙura. Takan kwanta a ganyen darbejiya, a kan shanya, a bakin randa, har a gashin idon awaki. Sau uku nake share tsakar gida a yini, in sake tankaɗe garin da aka riga aka tankaɗe, duk da haka sai ka ji ƙasa-ƙasa a haƙori. Ko 'yar gala-gala mun daina yi a ƙofar gida. Kowa ya gaji.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Na jera bokitai ƙarƙashin indararo, na ajiye babban kwano a fili, ina murnar na huta da zuwa rijiya. Amma har ruwan kwanon, wanda bai taɓa rufin ɗaki ba, sai ya fito kamar an dama toka. Baba ya leƙa ya ce, "Zubar da shi, Hajara. Bari sama ta gama wanka tukuna." Da aka ɗauke ruwan, Inna ta fito da kanta ta zauna a kan turmi. Ta ja numfashi mai tsawo ba tare da ya sarƙe ta ba, ta dubi duwatsun da muka daɗe ba mu gani sosai ba, ta ce, "Ashe suna nan." Ranar ita ta tuƙa tuwo.

Washegari malaminmu, Malam Sule, ya bayyana mana cewa kowane ɗigon ruwa yana saukowa yana kwasar ƙura da hayaƙin da ya tarar a iska, ya dire su ƙasa. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, to in ana ruwa kullum, Inna za ta warke?" Ya ajiye allin da ke hannunsa ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Kwana uku muka samu, ƙasa ta bushe, ƙura ta dawo. Dattawa suka kai kuka wurin mai gari, aka ce a yi haƙuri, aikin gwamnati ne. Haka muka yi ta yi: da damina Inna ta ɗan miƙe ta je gona, da rani ta kwanta, ni ina daka da ɗebo ruwa ina duban gabas. A bazarar da aka buɗe titin ta rasu, saura kwanaki kaɗan ruwa ya sauka.

Yanzu a Kazaure nake, cikin hayaƙin babura da janareta. Da hadari ya taso jikokina sai su ruga suna rufe tagogi, suna mitar za a ɗauke wuta. Ni kuwa nakan jawo kujera bakin ƙofa in zauna har a gama. Ban taɓa gaya musu dalili ba.