Yadda Muka Kai Ƙafar Habu Damagaram

Da asubahin Litinin, liman bai ko sallame ba, muka fita daga Gure za mu Damagaram: ni, ɗana Habu, da matarsa Falmata. Raƙumi ne ya kayar da shi, cinya ta karye, maɗori ya ɗora, ta kama a gajarce. Falke mai ɗingishi kuwa, ayari ba ya jiransa.

Gidigir

Kwana biyu muka yi bisa jakai. Muka sauka Gidigir, gidan wata ƙawata, ta yi mana tuwon gero da miyar kuka. Laraba da hantsi sai ga kamyo, babbar motar kaya, ɗauke da fatu.

Mai tuƙin ya ce, "Iya, ba kya tsoro?"

Na ce, "Na haifi tara, ƙarfenka zan ji tsoro? Ja mu tafi!"

Bayin Allah, itatuwa gudu suke yi da baya! Na dafe kallabi ina dariya, ni da ba a san haƙorana ba. A Mirriya gardin gwamnati ya duba takardarmu, kafin magariba ga Damagaram.

Gidan likita

Lokotoro Bature ya auna ƙafafun, ya ce ta bakin tafinta sai an sake karya ƙashin an ja shi. Suka sa Habu barci, suka karya, suka soka ƙarfe ƙasan gwiwa, suka ɗaura igiya, buhun yashi yana reto a ƙarshen gado. Wai sabon ƙashi zai tsiro ya cike tsakani, muddin buhun nan yana rataye.

Kwana na huɗu na dawo daga alwala, na tarar an kife tukunyarmu an tokare buhun.

"Wa ya yi wannan?"

Falmata ta sunkuyar da kai. "Iya, nishinsa ne na kasa ji."

"Ke! Gurgu kike so ki koma da shi?"

Na sa ƙafa na ture tukunyar. Habu ya kwarma ihu: "Iya, anya ke kika haife ni?"

Na ce, "Ni ce. Shi ya sa."

Daga ranar nan tabarmata tana gindin buhun, sati goma cur.

Gure

Ana girbin gero muka iso, da azahar. Ƙannensa suka rugo za su tallabe shi, ya ce su matsa. Ya tako daga bakin hanya har zaure, kafaɗu daidai, Falmata tana rangaɗa guɗa. Ni ban yi guɗa ba, ƙafar nake kallo. Sai da ya tsallake dokin ƙofa na ce alhamdulillahi. Allah ya saka wa duk wanda ya ba mu ruwa a hanya.