Ilu Wanzami da Furfurar Kaitano

Ilu ɗan Dukawuya ne, a hannun mahaifinsa ya gaji wanzanci. Wurin zamansa gindin wani durumi ne a bakin Ƙofar Mazugal, inda masu shiga birni da masu fita Fagge ke ratsawa. Waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun ce mai surutu ne, ba ya gama maka aski bai sa ka dariya ba. Sai shekarar marisuwa ta zo, annobar da ta kwashe mutane, ta tafi da matarsa Tani da 'ya'yansu biyu. Ya binne su, bayan sadakar uku ya koma bakin aikinsa. Ba wanda ya ga hawayensa. Yana aski, yana ƙaho, yana zuwa gidajen suna. Yayarsa 'Yardada ke aiko masa da tuwo, in ta tambaye shi ko miyar ta yi gishiri, sai ya ce bai lura ba.

Wata Lahadi da damina wani gajeren mutum ya tsuguna a gabansa, ya cire hula. Kai duk furfura.

"Aski?" in ji Ilu.

"A'a, Malam. Baƙi nake so ya koma."

Sunansa Kaitano, kuku ne a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, can bayan tashar jirgi. Mutane suna ce masa Ba'indiye, shi kuwa yakan ce garinsu Gowa, a bakin teku. Ya yi girki a jirgin ruwa, ya yi a Mambasa, ya yi a Ikko, aiki ya jawo shi har Kano. Da gurɓatacciyar Hausarsa ya faɗi damuwarsa: kamfani ya kawo sabon Bature, wanda ya ce ba ya son tsoho a kicin. In aka sallame shi kafin wa'adinsa ya cika, ba mai mayar da shi gida.

Ilu ya kai maganar wa 'Yardada.

"Namiji da shuni a ka?"

"Ba ni ba ne, Yaya. Wani baƙo ne."

Ta haɗa masa lalle da garin baba na rini, ta ce lalle za a fara sawa, in an wanke a bi da baba.

Aikin na son zama, don haka Ilu ya riƙa bin Kaitano ɗakinsa ranar Lahadi bayan azahar, lokacin da kawai ake ƙyale shi. Ɗakin kwano ne sama da gefe, manne da bangon murhu, ko a damina in ka shiga sai ka jiƙe da zufa. Gadon katako, akwatin ƙarfe, gicciye rataye a ƙusa, sai tsamiya da busasshen barkono a gwangwani, wai su ne suka fi kusa da ɗanɗanon gida. Tun kafin asuba yake kwaɓa burodi, ba ya zama sai Bature ya tashi daga tebur. A duk Kano ba wanda ke jin yarensa. Akwai dai wani ɗan garinsu a Zariya, yana aikin reluwe.

Suna jiran lalle ya kama, Kaitano yakan yi magana, idonsa a rufe. Ya ce ya bar 'yarsa tana rarrafe, bara aka ɗaura mata aure, a bakin wani matafiyi ya ji. Yadda ya faɗa, kamar yana lissafa cefane.

"Ni ma ina da biyu," in ji Ilu.

"Suna ina?"

"Sun rasu."

"To," in ji Kaitano. Suka ci gaba da zama, kwano na ƙara saboda zafi.

Karon farko gashin ya fito ja kamar gemun ɗan akuya, na biyu ya yi baƙi. In zufa ta karyo a kicin, shuɗi yakan gangaro wuyan riga, sai Kaitano ya koyi ɗaura tsumma a wuya. Duk wata farin ya leƙo daga tushe, duk wata Ilu ya rufe shi. Haka aka ci kaka, aka shiga bazara.

Ran nan Ilu ya iso da ƙullin lalle, ya tarar da akwatin a waje, Kaitano zaune a kai.

"Lafiya, Baba Kuku?"

"Tasar miya ta suɓuce mini a gaban baƙi. Hannu ne ke rawa." Ya ɗaga hannun, yana kuwa rawa. "Bature bai taɓa kallon kaina ba, Malam. Ko sau ɗaya."

Zariya ya nufa, ko ɗan garinsu zai sama masa wankin kwanuka. Ilu ya gyara masa gemu, ya ɗora akwatin a ka ya raka shi tasha. Da jirgin ya tashi ya ɗan tsaya, yana jira ya ji wani abu a ransa. Bai ji ba. Ya koma birni ya yi la'asar.

Bayan shekaru wani farke ya ce ya ga tsohon Ba'indiye yana sayar da burodi a tashar Zariya. Wani kuma ya ce a Ikko ne, a bakin ruwa. Ilu bai bincika ba.

Daga baya 'Yardada ta nemo masa wata bazawara daga Zaitawa, Lauratu, ya ce to. Suka zauna ba faɗa, ba haihuwa. Da idonsa ya yi rauni ya daina aski, ya koma wasa wa matasan wanzamai aska a zaure. Ya rasu da wata damina, bayan gajeriyar jinya. Lauratu ta gama takaba, ta share ɗakin, ta koma wurin danginta.