Ajiyar Gwaggo a Bakin Riga

Da hantsi rana kan leƙo ta tagar shagon, ta kwanta a kan keken ɗinki, ɓurɓushin zare na yawo cikin hasken kamar ba shi da wurin zuwa. A nan Gwaggo Tela ta yi shekara talatin da huɗu. Takan goge keken da gefen mayafi, ta ɗiga masa mai, ta soma takawa a hankali, sautin ya bi layin yana shiga gidaje.

Kowa ya san halin teloli: alkawarin gobe, da ragowar yadin da ba ya komawa gida. Alkawarin goben kam Gwaggo ta gada, ba za a ɓoye ba. Amma ragowar yadi ba ta taɓa ci ba. Ninke shi take yi a bakin riga da ƙafar wando, faɗin yatsu huɗu, ta danne da ɗinki. In uwa ta yi ƙorafi rigar ta yi nauyi, sai ta ce, “Yaro ba ya tsayawa, ’yata, farashi ma haka. Bar shi nan, za ki neme shi.”

A da, dariya ake yi mata. Sai ga shekarun da kuɗi ya zama gishiri a ruwa, mai albashi ya karɓa yau, jibi yana cizon yatsa, yadin da ake saye ba ciniki ya koma sai dai kallo. A lokacin ne wani direba ya shigo da ’yarsa. Kayan makarantarta sun ɗage, kunya ta hana ta zuwa aji kwana huɗu.

“Gwaggo, sabo ba zai yiwu ba bana,” ya ce, yana kallon ƙasa.

“Wa ya yi maka maganar sabo? Miƙo min rezar can.”

Ta farke bakin rigar, yadin da ya shekara biyu yana barci a ciki ya sauko, launinsa ya fi na sama kyau. Direban ya yi dariya har ya share ido. Washegari yarinyar ta koma aji.

Ke ce, Gwaggo, asusun marasa asusu. Kin yi wa rabin unguwa tanadi ba su sani ba, ba ki taɓa goranta wa kowa ba.

Abin baƙin cikin shi ne ita ma ta yi wa kanta tanadi. Tun da yanar ido ta fara rufe mata gani, shekara tara ke nan, take jefa abin da ya samu a gwangwanin madara don kuɗin aikin ido. Ranar da ɗiyarta ta kai ta asibiti aka faɗi kuɗin, abin da ke gwangwanin bai kai rabi ba. Likita ya ce in aka wuce wata uku, aikin zai yi wuya.

A hanyar gida ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Kuɗin akuya na ajiye, na buɗe na tarar da na kaza.”

Yanzu takan zauna ido a lumshe, ƙafa bisa keke ba ta takawa. Ta ce tana ganinsu sarai, yaran da ta auna, suna wucewa jere, wannan ya yi gemu, waccan da goyo. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon. Ɗiyarta ta tambaye ta me za ta fara kallo in idon ya buɗe.

“Kafar allura,” ta ce. “Ita nake kewa.”

Mun gode, Gwaggo, Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana. Masu sana’a ku koyi halinta, ku riƙa tuna goben wanda ya kawo muku aiki. Sauranmu kuwa, wata uku ba yawa, kuma duk mun san ƙofar shagon. Kada mu bari ta koma laluben hanya a tsakiyar mutanen da ta suturta.